Akurki Mai Rufin Ƙirgi

A shekarata ta biyu a gidan miji na gina wa zabina akurki, a bayan ɗakina, a Garwa. Zamanin nan shugaban ƙasa ɗan garinmu ne, ana ta shimfiɗa kwalta a manyan tituna, amma unguwarmu tana nan yadda kakanni suka bar ta, katangar laka da lungu. Mu huɗu ne a gidan. Maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana kai auduga Ngaundare, sai ya yi kwana goma ban sa shi a ido ba. Sai mahaifinsa, wanda kowa yake ce wa Baba, da ƙanwar Baban da muke kira Goggo, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta. Uwar mijina ta rasu tun kafin a kawo ni.

Sana'ar Baba fata ce, gadon mahaifinsa da ya taso da ita daga ƙasar Kano. Yana sayen ƙiraga a hannun mahauta da kasuwannin ƙauye, a shanya su a wani fili kusa da kogi, idan Binuwai ta cika jiragen ruwa suka iso sai a loda. Waɗanda masu saye suka ƙi, ko don wuƙa ta huda su ko don ƙwaro ya ci, yana jibge su a wani ɗan ɗaki kusa da zaure. Baba ba ya yar da komai. Ko igiyar da aka ɗauro goro da ita sai ya warware ya rataye.

Zabin kuwa nawa ne na kaina. Mahaifiyata ce ta aiko mini da ƙwai daga Pitowa a daminar farko, na sa wa wata kaza ta kwanta a kai, tara suka rayu. Da suka girma sai suka zame mini fitina. Ba sa kwana ƙasa, sai kan dalbejiyar tsakar gida ko kan katangar da ta raba mu da maƙwabcinmu, wani malami mai karantar da manyan mutane littattafai a zaurensa. Muzuru ya kama biyu. Ga damina tana ƙaratowa, lokacin ƙwansu ke nan, na kuma san zabuwa ba ta da amana, a ciyawar bayan gari ko a gidan wani za ta je ta zuba. Shi ya sa na ce sai na yi musu ɗaki.

A tsakiyar bazara na fara, lokacin da zafin Garwa yake sa mutum ya ji kamar ya tuɓe fatarsa ya ajiye. Ana idar da sallar asuba nake kwaɓa laka da ɗan yankakken ciyawa, in ɗora kamu ɗaya in bari ya sha iska, washegari in ƙara, kamar yadda na ga mahaifiyata tana yi. Goggo ba ta iya taɓa laka saboda ciwon gaɓoɓi, amma takan zauna a kan turmi ta gaya mini inda ya karkace. Na bar ƙananan tagogi uku a sama don iska, na kafa sandunan gora biyu a ciki don su samu wurin hawa. Ya kai mini ƙirji. Da maigidana ya zo hutu ya ɗaura mini tsaiko, ya ɗora, ya koma hanya. Saura baibaya kawai. Na riga na yi magana da wata mata mai kawo shuci daga hayin kogi.

Ran nan da hantsi sai ga Baba ya zagayo bayan gida, abin da ba ya yi. Na durƙusa na sunkuyar da kai. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ita ma a taƙaice. Ya zagaya akurkin, ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa, ya yaba. Sannan ya juya wajen Goggo ya ce a gaya wa yarinyar nan kada ta wahalar da kanta da neman ciyawa, shuci gara ce ke cinsa, wuta kuma ba ta jin kunyarsa. Yana da abin da ya fi kwano.

Kafin azahar ya jawo ƙiraga bakwai daga ɗakin nan, da hannunsa. Busassu ne ƙamas, sun sandare kamar faranti, gashin yana jiki, wani fari wani ja. Shi da kansa ya hau kan turmi, tsoho da shi, ya jera su a kan tsaikon, gefen wani a kan wani, ya huda ya ɗaure da tsirkiyar fata. Ina tsaye daga nesa ina kallo. Na san abin da ruwa yake yi wa ɗanyen ƙirgi, duk wanda ya taɓa barin ganga a waje ya sani. Na raɗa wa Goggo. Ta ce ita ma ta sani, amma wa zai faɗa masa? Mutum ya shekara arba'in yana juya fata, sai surukarsa ta jiya ce za ta koya masa halinta?

Gaskiya a makonnin farko abin ya yi kyau. Inuwa mai sanyi, ba ɗigon rana. Na riƙa watsa gero a ciki da yamma har zabin suka saba, suka fara shiga da kansu. Wari akwai, amma irin na zauren Baba ne, wanda na riga na saba da shi.

Sai ruwan farko ya sauka, aka kwana biyu ana yi, rana ta fito a kai.

Ban san yadda zan kwatanta warin nan ba ga wanda bai taɓa jin sa ba. Ba irin na mushe ba ne da iska ke kawowa ta wuce da shi. Wannan mai nauyi ne, mai maiƙo, yana da wani zaƙi-zaƙi a ƙarshensa da ke manne wa mutum a maƙogwaro. Ƙiragan suka saki jiki, suka lotsa tsakanin sandunan tsaiko, ruwa ya taru a kowane loko ya yi kore. Gashin ya fara zamewa da kansa. Ƙudaje suka zo, irin manyan nan masu sheƙi, har daga ɗaki ana jin gunjinsu. Tagar ɗakina kuwa tana kallon akurkin, taku biyar ne tsakani. Warin ya shiga katifa, ya shiga akwatin kayana, ya shiga man shanun da na ajiye a kwalba. In na ɗebo ruwa a randa sai in ji kamar da shi aka dama.

Abin da ya ƙara dagula mini al'amari, ina da ƙaramin ciki a lokacin, na fari, wata na biyu. Ban gaya wa kowa ba, ko maigidana. A tarbiyyarmu ba a buɗe baki a faɗi wannan, sai dai a gani. Ko ƙamshin daddawa tayar mini da zuciya yake yi, balle wannan. Sai in zagaya makewayi in yi amai a hankali, in rufe da ƙasa, in wanke fuska in fito.

Bayan kamar mako guda tsutsotsi suka fara faɗowa. Da farko ɗai-ɗai, daga baya kamar ana barbaɗa shinkafa. Farare, masu ƙiba. Suna faɗowa ta cikin akurkin, suna faɗowa ta gefen rufin, suna bin gindin bango har bakin ƙofata. Zabin kuwa sallah ta zo musu. Suka daina fita kiwo, suka daina kula geron da nake watsawa. Sai su tsaya a ciki, wuya a miƙe, kai a karkace, ido ɗaya a sama, suna jiran wadda za ta faɗo, su yi kanta gaba ɗaya. Tsuntsayen da na raina tun suna 'yan tsaki, ina kai su inuwa ina dawo da su, sai na wayi gari ba na son haɗa ido da su.

Baba ya zagayo ya ga haka, ya yi murna. Na ji shi yana gaya wa Goggo cewa ga rufi ga abinci, tsuntsu ba ya samun abin da ya fi wannan sa ƙiba. Ya tsaya dab da akurkin, ƙudaje suna sauka a hularsa, yana magana hankali kwance kamar yana cikin lambu. Goggo ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "Yaya, wari fa ya yi yawa." Ya ce wane wari, in rana ta yi kwana biyu zai bushe.

Rana ba ta yi kwana biyu ba. Damina ta kankama.

Maigidana ya dawo a cikin wannan hali. Tun daga zaure na ga ya yamutsa fuska. Na ce to, ga mai raba ni da wannan masifa. Da ya ci abinci, abin da ya iya ci, na roƙe shi ya yi wa Baba magana. Ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙurin nake yi tun da aka fara ruwa. Ya ce shi bai taɓa mayar wa Baba magana ba, ba kuwa zai fara a kan akurkin zabi ba. Washegari da sassafe ya ce motar tana bukatar gyara, ya tafi gareji, a can ya yini, kwana biyu ya sake ɗaukar kaya. Na daɗe ban yafe masa wannan ba. Shi yana da inda zai gudu.

Malam maƙwabcinmu ma ya yi nasa ƙoƙarin. Bayan sallar la'asar ya tare Baba a ƙofar masallaci, ya ce masa cikin ladabi ɗalibansa sun koma karatu a gidan wani, saboda iskar da ke tasowa daga bayan katanga ba ta dace da wurin da ake buɗe littafi ba. Baba ya dawo yana faɗa, wai mutane ba sa son ganin an yi dabara. Sai ya sa Goggo ta tara ƙwan da zabin suka fara yi, guda goma sha biyu, aka kai wa Malam. Aka karɓa aka yi godiya. Daga baya matar Malam ta gaya mini ta kan katanga cewa ba wanda ya ci a gidansu, kyauta suka yi da su.

Ni ma ban ci ko ɗaya ba. Ƙwan da na gina ɗakin dominsu, ga su nan kullum a kwance a cikin ƙasa mai damshi, tsutsa tana bi ta kansu. Da ludayi mai dogon hannu nake jawo su, ina riƙe da numfashi.

Na rame. Goggo ta lura, ta kuma gane dalili, don ta haifi shida. Sai ta fara dama mini kunun tsamiya da safe. Ta gaya wa Baba cewa yarinyar nan ba ta cin abinci. Nufinta ya gane warin ne. Shi kuwa sai tausayi ya kama shi ta wata hanya. Ranar Juma'a da safe ya shiga akurkin da kansa, ya kamo zabon da ya fi kowanne ƙiba, ya yanka, ya ce a yi mini farfesu in sha romo in ji ƙarfi.

Hannun Goggo ba ya iya fiɗa, ni ce dai zan gyara. Na tafasa ruwa na fige shi a bakin murhu. Jikinsa ya yi kitse rawaya, ban taɓa ganin zabo haka ba. Da na zo wuya, wuƙar ta taɓa jakar nan da abinci ke taruwa a ciki, ta fashe. A cike take tam da tsutsotsi. Suka zubo mini a tafin hannu, da ɗumi, wasu ba su ko mutu ba, suna motsi tsakanin yatsuna.

Ban kai makewayi ba. A nan bakin murhu na durƙushe, na yi ta yi har ba abin da ke fitowa sai ruwa mai ɗaci. Goggo ta janye ni, ta zuba mini ruwa a kai. Ita ta ƙarasa aikin da yatsunta masu ciwo, ta dafa. Da Baba ya dawo daga masallaci ya aiko a tambaya ko na sha. Goggo ta ce na sha har na ƙara. Ya ce madalla, mako mai zuwa za a yanka wani.

Wannan maganar ce ta yanke mini shawara.

Ranar Lahadi Baba yakan tafi kasuwar Pitowa sayen fata, ba ya dawowa sai gab da magariba. Yana fita na ɗaure hancina da ɗankwali biyu, na sa tsohon zane, na ɗauki wuƙa da sandar da muke kakkaɓo mangwaro. Goggo ta ce in rufa wa kaina asiri, gidan miji ne. Na ce, "Goggo, ko dai rufin nan ya bar gidan nan yau, ko ni in bar shi." Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta dube ni, ta tashi ta shiga ɗaki. Na ɗauka fushi ta yi. Sai ga ta da fartanya da kwandon toka.

Tsirkiyoyin sun jiƙe sun kumbura, wuƙa tana zamewa a kansu. Da na yanke ta farko na ja ƙirgin sama, sai ya rabu biyu a hannuna kamar tuwon da ya kwana, ruwan da ya taru a kai ya kwararo mini ta hannu har hammata. Abin da ke tsakanin ƙirgi da ƙirgi ba zan faɗe shi duka ba. Wurin yana motsi gaba ɗaya, har da wata ƙara-ƙara da yake yi, kamar ana soya abu a nesa. Zabin suka kewaye ƙafafuna suna wawaso, ina korarsu suna dawowa. Sau uku ina sauka daga kan turmin in je gefe in yi amai in dawo. Goggo tana daga kusurwar katanga tana haƙa rami, ƙasar da taushi saboda ruwa, tana yi tana hutawa tana salati. Da ta gaji na karɓa. Muka ja ƙiragan da sanda ɗaya bayan ɗaya muka tura cikin ramin, muka zuba toka, muka mayar da ƙasa, na hau kai na tattake. Na kankare ƙasan akurkin har sai da na tarar da busasshiya, na zuba sauran tokar.

Na yi wanka sau uku da sabulun salo. Zanen da ɗankwalayen a murhu suka ƙare. Duk da haka kwana biyu ina jin abin a ƙarƙashin farcena, da cokali na riƙa cin abinci.

Baba ya dawo, ya yi alwala, ya zagaya bayan gida kamar yadda ya saba tun da aka yi rufin. Ina ɗaki, ina jin takunsa ya tsaya. Sannan ya kira Goggo ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Ta ce ita ce. Ya ce da waɗanne hannuwan? Ya ce a gidansa, kayansa, a ce ba a ko tambaye shi ba.

Goggo ta ce, "An gaya maka, Yaya. Ni na gaya maka, Malam ya gaya maka. Yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce, kana so ta zubar da abin da Allah ya ba ɗanka saboda fatun da ba mai so?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can sai na ji Baba ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, wai da gaske warin ya kai haka? Goggo ta ce ya wuce haka. Ya ce shi fa rabonsa da jin warin wani abu, ko ƙamshi, tun kafin a haifi maigidana. Turaren da yake shafawa ranar Juma'a ma don mutane yake shafawa. Goggo da suka tashi ɗaki ɗaya ba ta taɓa sanin wannan ba.

Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Kwana uku in na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. A rana ta huɗu ya sa aka kawo wata tsohuwar gangar mai daga bakin kogi, an fasa ta an buɗe an daddake ta ta miƙe. Aka ɗora a kan tsaikon aka danne da duwatsu. Wannan ma bai tambayi kowa ba. Ruwan farko da ya sauka a kanta ya yi ƙara kamar ana kiɗan ƙwarya, zabin suka fito a guje suna kururuwa, ba su ƙara shiga ba. Suka koma dalbejiyarsu da katangar Malam. Ƙwansu kuwa a bayan rumbun Malam suka riƙa zubawa, matarsa tana miƙo mini ta kan katanga in ta ga dama. Kafin kaka na aika wa mahaifiyata da zabin duka shidan. Akurkin ya zama wurin ajiye itacen girki.

Wajen ƙarshen damina wata kabewa ta fito da kanta a kusurwar da muka yi ramin. Ba wanda ya shuka ta. Ta yi yaɗo ta haye katanga, ganyenta kamar faifai, ta zuba 'ya'ya manya-manya har Malam ya samu nasa rabon a ɓangarensa. Baba ya yi ta nuna wa baƙi. Ranar sunan ɗiyata da ita aka yi miyar taushe, mata suna ta santi suna tambayar inda aka samo kabewa mai garɗi haka. Goggo ta ce ta gida ce. Da aka kawo mini nawa kwanon ta bi bayan mai kawowar, ta ɗauke, ta ajiye mini kunun kanwa da gasasshen kifi.